Hatimin da Na Hana a Taɓa a Bayan Kwamfutar Maigida

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da mantuwa ta cinye sauran abin da ke kaina, da wata Juma'a da na tsaya a ɗakin maigidana Alhaji Sale, a gaban tsofaffin direbobin Zongo, na yi abin da har yau in na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi. Gara in faɗa muku da bakina tun daga tushe, don in ban faɗa ba Mamman Dogo zai faɗa, shi kuwa ba ya ba da labari sai ya ƙara gishiri.

Ni ba ɗan boko ba ne. Lakwal ɗin, wato makarantar, da na yi ba ta kai a yi maganarta ba (an kai ni, na leƙa, na ga bulala, na dawo gida). Abin da na sani mota ce, ita ma Alhaji Sale ne ya koya mini. Shi ya ɗauke ni aparanti, wato karen mota, tun gemuna bai tsiro ba. A gefensa na koyi hanyar Lome da ta Tema, shi ya tsaya mini na samu lasin, shi ya kai goron aurena. Yanzu ni ma furfura ta kama ni, baya ya gaji, na bar doguwar hanya ina ɗan jigilar siminti daga unguwar Kossodo zuwa cikin gari. Amma har gobe in ya kira ni ba na amsawa a tsaye.

To, sai hawan jini ya buge shi. Ɓarin dama ya shanye, harshe ya yi nauyi, magana ba ta fita sai gurnani. Mutumin da in ya yi tsawa a tashar kamiyo, wato manyan motocin kaya, kowa ke shiga hankalinsa, ga shi a kujera ana share masa baki. Matar da ke zuwa motsa masa gaɓɓai, wadda suke ce wa kine, ba ta ɓoye mana ba. Ta ce hannun bai mutu ba, barci yake yi, yatsu na ɗan motsi, amma in bai riƙa aiki da shi ba zai sandare, in ya sandare kuwa shi ke nan. Ta ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa. Ya ɗauke ta da hagu ya jefi kajin matarsa Hajiya da ita. Daga nan ya juya fuska bango. Abinci sai an yi da gaske, baƙi in sun zo dubiya ya rufe ido kamar mai barci.

'Yarsa Zuwaira, wadda ke aikin jinya a Faransa, ita ta yi dabara. Ta kira ni a waya (Tonton take ce mini, wato kawu) ta ce, "Tonton, Baba ba zai matsa ƙwallo ba, na san halinsa. Amma in ya ga sitiyari a gabansa, hannun da kansa zai nemi hanya." Ta ce akwai wani wasa na kwamfuta da mutum ke tuƙa kamiyo a ciki, ya ɗauki kaya ya kai wani gari, da madubi da sigina da komai. Ba da daɗewa ba kaya suka iso a hannun wani ɗan kasuwa: akwatin kwamfutar baƙi ƙirin mai nauyi, da ekran, wato allon kallo, da sitiyari mai abin takawa, da wani ɗan kile kamar rabin goro wanda ta ce wasan na ciki.

Ta ce, "In sa wani ya zo ya haɗa muku?"

Na ce, "Wani wa? Zuwaira, ni da na sauke injin kamiyo a tsakiyar daji, akwatin da bai kai batir girma ba zai gagare ni?"

Ta yi dariya ta ce to, amma ta aiko da saƙo a wayar babanta, in duba kafin in fara. Ranar da na zo haɗawa Hajiya ma ta miƙo mini wayar, ta ce ga saƙon Zuwaira. Na ce, "Hajiya, ajiye. Kowace waya da raminta, ai ba a sa ƙafar dama a takalmin hagu." (Ku riƙe wannan maganar tawa, don ni ma an riƙe mini ita.)

Gaskiya kuma da farko abin ya bi ni. Wayar wuta ta shiga raminta, ta sitiyari ta shiga nata. Saura wayar ekran. Na juya bayan akwatin sai na ga ramuka kashi biyu. Na sama a buɗe suke. Na ƙasa kuwa, a jere a kwance, an toshe kowanne da wani ɗan baƙin murfin roba, tsaf, babu ko ƙwarzane. Ina ganinsu na janye hannuna.

Sai na yi muku bayani, don wanda bai yi hanya ba ba zai gane ba. Mu direbobin kayan transit, masu tsallaka ƙasa zuwa ƙasa, akwai abin da muke tsoro fiye da 'yan fashi, shi ne pulom, ɗan hatimin da duwan, wato 'yan kwastan, ke ɗaurewa a ƙofar kwantena. Kana iya cinye kuɗin hanya, kana iya kwana uku a inda aka ce ka kwana ɗaya, duk a yafe maka. Amma ka iso da hatimi a karye, to kai da mota da mai kaya duk kun shiga uku. Ina yaro, a bakin iyakar Sinkase, Maigida ya tarar da ni ina wasa da wayar hatimi da ɗan yatsa don zaman banza. Ya make mini hannu, makewar da na yi yini ban riƙe cokali ba. Ya ce, "Abin da ka tarar a rufe, ka kai shi a rufe." Da wannan na girma, da shi na tsufa. Saboda haka da na ga murafun nan na ce wannan hatimin kamfani ne, kayan amana ne, in aka taɓa Nasara ba za su karɓi ƙorafi ba. Na soka wayar ekran a ramin sama. Na kunna, hoto ya fito. Na dubi Hajiya na ɗaga mata gira.

Sai zuba wasan. Na soka kile, na danna inda ya fi girma a ekran ɗin (dabarata ke nan da duk rubutun Faransanci da ya wuce layi biyu), sai wani ɗan koren layi ya fara tafiya daga hagu zuwa dama. Ya yi tafiya, ya yi tafiya, ya kai kusan tsakiya ya tsaya cak. Na jira. Bai motsa ba. To, ni a sanina mota in ta shaƙe kashewa ake yi a sake murza makulli. Na zare wayar wuta daga bango na mayar. Kwamfuta ta tashi da wani dogon rubutu kamar tana zagina, koren ya koma farko. Ya sake zuwa wurin nan ya tsaya, na sake zarewa. Haka muka yi ta yi da shi tun hantsi, shi bai gaji ba, ni ban daddara ba, har aka kira azahar. Na bar shi a tsayen na tafi masallaci, na biya na ci wake a bakin titi. Ina dawowa na tarar ya gama da kansa, ga hoton wata jar kamiyo ta cika ekran tana walƙiya.

Hajiya ta ce, "Ashe dai abin tsoronka yake ji. Da ka ba shi wuri ya yi aikinsa."

Murna ta cika ni. Kuma a cikin murnar ne na tafka kurakurai biyu kafin ko taya ta juya. Na kira Zuwaira na ce, "An gama, 'yata. Yana gudu kamar iska." Sannan na biya majalisar tsofaffin direbobi a gindin dalbejiya na ce Juma'a mai zuwa bayan an sauko kowa ya zo gidan Alhaji Sale, zai ga maigida a kan sitiyari.

Washegari muka zaunar da shi. Na ɗaure sitiyarin a tebur, na tura abin takawa wajen ƙafar hagu. Da ya ga abin, wallahi sai da fuskarsa ta canza. Ya shafa sitiyarin da hagu, na ɗauki hannun daman na ɗora masa a kai, bai janye ba. Inji ya tashi, ƙara ta cika ɗaki. Ya taka.

Motar ta ƙi tafiya irin ta mota. Sai ta yi gaba kaɗan ta daskare, ta daskare, sannan ta yi tsalle ta bayyana can gaba. Hawainiya ta fi ta tsari. In ya juya sitiyari ba ta juyawa sai bayan ya gama, in ya ga haka ya ƙara juyawa, sai ta kwashe duka biyun a lokaci guda. Kwanar farko muka hau kan ƙarfen gefen hanya. Na mayar da ita. Kwana ta biyu muka shige wata ƙaramar mota. A ta uku kamiyo ta kife, tayoyi sama.

Maigida bai dubi ekran ba. Hannunsa na dama ya duba. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ɗauke shi da hagu ya ajiye a cinya kamar wanda ya ɗauke kayan wani. Na ce, "Maigida, ba kai ba ne, injin ne." Ya juya fuska bango. Mutumin da ya yi rayuwarsa a hanya bai taɓa kayar da mota ba, na sa ya kayar a ɗakinsa, kuma ya ɗauka hannunsa ne ya ci amanarsa. Abin da aka kawo don ya tashe shi ya ƙara kwantar da shi.

A nan mai hankali zai kira Zuwaira. Amma da wane baki? Na riga na ce mata kamar iska. Yarinyar da na goya a wuya na kai kallon wasan sallah, in koma in ce mata Tonton ƙarya ya yi? Na ce a'a, zan gyara da kaina.

Na fara da wuta. Na ce kuran ɗin gidan, wato lantarki, ne ba shi da ƙarfi, na sa Hajiya ta kashe firij, ƙanƙarar da take sayarwa ta narke. Babu canji. Na ce zafi ne, don lokacin bazara ce, na ɗauko fankar ɗakin Hajiya na kafa wa akwatin, mu muna zufa shi yana shan iska. Babu canji. Na kwance gefensa na kai wa mai faci a bakin titi ya hura masa iskar taya, 'yan fankokin ciki suka yi wani kuka da ya sa mai facin ya ja da baya yana salati. Na goge wasan gaba ɗaya na sake zubawa, wannan karon na ɗaure hannuwana a baya har koren ya kai ƙarshe. Duk a banza. Mota na nan tana rawar sanyi.

Da abin ya ishe ni na ɗaure akwatin a bayan babur da roba na kai wa wani mai gyara a gefen babbar kasuwa, wani Bamoshe mai tabarau, sa'ana ne ko ya ɗan girme ni. Na yi masa bayani da Moranci, yarensu. Ya ce a wane rami na sa ekran? Na nuna masa. Ya yi murmushi, ya kai hannu wajen murafun ƙasa. Na cafke hannun.

Na ce, "Kar ka taɓa. Hatimi ne."

Ya ce, yana kirana tsoho da Faransanci, "Hatimin me, le viye? Murfin ƙura ne. Kart garafik ɗinka a nan ƙasa take, ita ce mai ƙarfin zana hoto. Na saman nan na aikin ofis ne. Kana da babban inji a mota, ka ɗaura wa jaki igiya yana ja."

Ku ji fa, mutumin nan ya gaya mini gaskiya tsirara, da misalin da ko akuya za ta gane. Amma ni abin da na ji a raina daban. Na ce waɗannan masu gyaran haka suke, su karya hatimi, su zare na Faransa su sa maka na gwanjo. Na ce masa, "Na gode, ba yau na zo birni ba." Na rungumi akwatina. Ina ɗaurewa a babur ya ɗaga murya yana dariya, ya ce, "To tunda ka ƙi, shiga cikin wasan ka rage kalite, kyan hoton nan, ko jakin ya samu sauƙi!"

Wannan kam na karɓa, tunda ba ta taɓa hatimi ba. Na lalubo wurin, na tarar da wasu 'yan sanduna a jere, na ja kowacce zuwa hagu har ƙarshe. Motar ta ɗan rage rawa, ba zan yi ƙarya ba. Amma duniyar cikin wasan ta lalace. Itatuwa suka koma kamar tsintsiya a tsaye, inuwa ta ɓace, madubin gefe ya zama farin allo, hanya kuwa kamar kunun da ya zube a tabarma.

A 'yan kwanakin nan ne Maigida ya fara wani abu. Duk lokacin da na durƙusa a bayan akwatin sai ya yi gurnani ya miƙa hannun hagu yana nuni. Na ce ruwa? Na kawo ruwa, ya ture. Na ce fanka ce kake so a mayar maka? Na juya masa fanka. Na ce buta? Ya rufe ido ya yi wani dogon numfashi. Na fita na ce wa Hajiya a hankali, "Jikin nan fa sai addu'a, yanzu har nuna abin da babu yake yi."

Juma'a ta zo. Na so in ce an ɗaga, amma kafin in yi dabara sun riga sun cika ɗaki da manyan riguna da ƙamshin turare. Mamman Dogo na gaba, mutumin garin Tawa, tsohon abokin hamayyar Maigida a hanya, bakinsa ya fi birkinsa kaifi. Hajiya ta kawo zomkom, ruwan garin gero, mai sanyi a babban kwano. Aka gaisa, aka yi wa mai jiki addu'a, sannan Mamman Dogo ya ce, "To aparanti, ina motar? Mun zo da kuɗin mota."

Na kunna. Na ce bari in fara gwadawa da kaina. Mota ta fito tana tsalle a cikin kunu, tsintsiyoyi na wucewa ɗaya-ɗaya.

Mamman Dogo ya ce, "Wannan wace ƙasa ce? Ko lahira ce aka nuna mana tun yanzu?"

Aka kwashe da dariya. Ni kuwa maimakon in yi shiru, sai na miƙe na gyara riga na fara jawabi. Na ce jama'a, gaskiya ɗaya ce, an cuci yarinyar nan. Na ce Nasara sun ga mace ce, ba ta san inji ba, suka haɗa ta da ragowar kaya. Na ce ni na yi duk abin da ake yi, kuma alhamdu lillahi na kiyaye amana, za a mayar musu da kayansu yadda suka zo. Don in kafa hujja na ɗago akwatin na ɗora a tebur gaban Maigida, na juyo bayansa kowa ya gani. Na ce, "Ku shaida, ga pulom ɗinsu nan, ko ɗaya ban taɓa ba."

Sai Maigida ya miƙo hannun hagu wajen murafun.

Na cafke. A gaban mutane. Na riƙe hannun maigidana da hannu biyu, na ce da ƙarfi, irin yadda ake yi wa yaro ya nufi wuta, "A'a, Maigida! Bari! Ba a taɓawa!"

Wani ya ajiye kofinsa a hankali. Na ga idon Maigida ya kaɗa ya yi ja, irin jan da na sani tun ina saurayi, wanda in ya yi shi gara ka nemi ƙarƙashin mota. Ya ja hannunsa, ban saki ba (har yau ban san abin da ya shiga kaina ba). Ya sake ja, na ƙara riƙewa ina cewa a yi haƙuri, ciwo ne.

Sai kafaɗarsa ta dama ta motsa.

Hannun nan da kullum sai an ɗauke shi an ajiye, ya taso daga cinya yana karkarwa. Ya hau gefen tebur ya huta. Ya ja jiki a kan tebur kamar kunkuru. Yatsa biyu suka kai ga murfin farko, suka zame. Suka koma, suka zame. Zufa ta keto masa a goshi, haƙora a cije. A karo na gaba suka kama. Ya ja. Ɗan murfin ya fita ya faɗi ƙasa ya gangara ƙarƙashin kujera.

Hajiya da ke bakin ƙofa ta saki tire ta ce, "La'ilaha illallahu! Alhaji, hannunka!"

Ni kuwa ina tsaye riƙe da hannun hagun mutum kamar ɗan sandan da ya kama ɓarawo. Mamman Dogo ya ce, "Kai shef duwan, shugaban kwastan, sake shi mana, ai ya riga ya karya."

Na saki. Maigida ya nuna wayar ekran, ya nuna ramin da ya buɗe, ya nuna ni. Wannan karon ban ce ruwa ko buta ba. Na durƙusa na zare wayar daga sama na soka a ƙasa, ta shiga kamar don ita aka yi ramin, da ma don ita aka yi shi. Hajiya ta share hawaye ta miƙo mini wayar Maigida, ta ce, "Ga saƙon da ka ce in ajiye." Bidiyo ne. Zuwaira ce a ɗakinta can, ta juya bayan akwatin nan, tana cewa, "Tonton, ka ga waɗannan 'yan murafun? Ka cire ɗaya ka jefar, a nan ƙasa za ka sa ekran. Surtu, abu mafi muhimmanci, kar ka sa a sama." Ashe kullum Hajiya na kunna masa don ya ji muryar 'yarsa, ita ba ta kula da abin da ake nunawa ba, shi kuwa ya kalla har ya haddace. Mamman Dogo ya ce a sake kunnawa, bai ji da kyau ba. Aka sake. Ya ce a ƙara, saboda na baya. Da ƙasa ta tsage a lokacin da na shige na ja ta na rufe.

Aka kashe kwamfuta aka kunna. Mota ta tashi sumul, babu tsalle babu rawa, sai dai har yanzu a cikin kunu take tafiya saboda ɓarnar da na yi wa sandunan nan. Dole aka kira Zuwaira a bidiyo, a gaban kowa. Ta ga ɗaki cike, ta ga ekran, ta ce, "Tonton, wannan ce iskar?"

Na ce, "'Yata, iskar bazara ce, sai a hankali."

Ta yi dariya har da tari. Ta bi da ni sannu-sannu, danna nan, ja wancan zuwa dama, har itatuwa suka yi ganye, inuwa ta dawo, rana ta haska a gilashin mota, ka ga gonaki da gadoji kamar ka miƙa hannu ka taɓa. Sai Hajiya ta karɓi wayar ta gaya mata abin da hannun babanta ya yi. Dariyar ta tsaya. Muka ji tana kuka can ƙasar mutane. Da ta natsu ta ce a ba ni. Na karɓa ina jiran faɗa. Ta ce, "Tonton, na gode. Ni kaya na aiko, kai ne kake wurin kullum." Na miƙa wa Hajiya wayar na yi kamar ina neman murfin a ƙarƙashin kujera.

Maigida ya buga tebur. Aka matsa masa sitiyari. Na kai hannu zan ɗora masa na daman, ya harare ni, na janye. Da kansa ya ja shi ya ɗora. Ya taka a hankali, kamiyo ta fita daga tasha, ya sa sigina (wa zai gani? amma ya sa), ya hau babbar hanya. Hagu ke yawancin aikin, ba zan ƙara gishiri ba, amma na daman na kai, yatsu a naɗe, in kwana ta zo yana turawa. Tsofaffin nan suka taso suka kewaye shi, kowa na ba da umarni. "Alhaji rage, gangara ce!" "Wuce shi mana, ɗan taksi ne!" Mamman Dogo na cewa a da ma haka yake tuƙi kamar mai ɗauke da ƙwai. Bai kula kowa ba. Ya kai kayansa har inda aka ce, ya shiga fili, ya tsaya daidai kan layi, ya kashe inji.

Sannan ya juyo ya dube ni. Bakinsa ya yi ta kokawa da harshe, muna jira. Da ƙyar maganar ta fito, a karkace, amma kowa ya ji.

"Aparanti. Weji."

Wato in sauka in sa katakon tare taya, aikin yaron mota na ranar farko. Ɗaki ya ɗauka da dariya, har da masu riƙe ciki. Ni kuwa na fita tsakar gida na zaro guntun itace a murhun Hajiya, na dawo na durƙusa na tura shi a ƙafar tebur, na ce, "An sa, Maigida." Ya gyaɗa kai. Rabin bakinsa mai motsi ya yi murmushi.

Yanzu kullum bayan la'asar yana kan hanya, kine ta ce hannun na ƙara saki, cokali ma ya fara riƙewa. Na koma wajen mai tabarau na ba shi haƙuri, ya ce ba komai, amma sai da ya kira maƙwabtansa suka gan ni. A Zongo kuwa sunana ya ɓace, daga majalisa har masu sayar da wake shef duwan suke kirana, ina amsawa. Na gode wa Allah da ya yi ni da taurin kan da ya isa ya fusata Maigida har hannunsa ya farka, ko da yake ba na ba kowa shawarar ya gwada wannan magani. Abin da na koya kaɗan ne, daidai kaina: in wanda ba ya iya magana ya nuna maka wuri, ka dubi wurin, kar ka kawo masa buta.